Sama ba ta zubin adashi: yadda ake ƙiyasta faɗowar manyan duwatsu a duniya

A ranar 27 ga Disamba, 2024, wata na'urar hangen nesa da ke ƙasar Chile ta hango wani curin dutse yana wucewa a sararin samaniya, aka laƙaba masa suna 2024 YR4. Da masana suka lissafa hanyar da yake bi wajen kewaya rana, sai suka ga akwai 'yar yiwuwar ya yi karo da duniya a ranar 22 ga Disamba, 2032. Kafin ƙarshen Janairu yiwuwar ta haura kashi 1 cikin 100, ranar 18 ga Fabrairu, 2025 kuma ta kai kashi 3.1. Layin da aka zana na wuraren da zai iya faɗawa ya taso daga gabashin tekun Fasifik, ya ratsa arewacin nahiyar Kudancin Amurka da tekun Atilantika, ya keta Afirka har zuwa Kudancin Asiya, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da jaridu suka riƙa ambata. Ba a yi mako guda ba yiwuwar ta zube zuwa kusan sifili, labarin ya mutu.

A cikin waɗannan makonni mutane sun kasu gida biyu. Wasu sun firgita, suka dinga tura saƙonnin tsoro a WhatsApp. Wasu kuma sun yi dariya, suna cewa mutumin da jiya ya ce kashi 3, yau ya ce sifili, ai bai san abin da yake yi ba. A ganina duka ɓangarorin sun yi wa alƙaluman karatun da bai dace da su ba. Kafin a tsorata da irin wannan lissafi, ko a raina shi, ya kamata a san daga ina ya fito, a ina yake da ƙarfi, a ina kuma yake rawa. Wurin da ya fi rawa, kamar yadda za mu gani, shi ne daidai wurin da ya fi shafar rayuwarmu.

Alƙaluman da ake yawo da su

Kowace rana tan gommai na ƙura da tsakuwa suna shigowa cikin iskar da ta lulluɓe duniya, su ƙone tun a sama. Su ne muke gani da dare kamar tauraro ya tsinke. Idan aka hau zuwa manya, ga ƙiyasin da masana suka fi amfani da shi:

Dutse mai faɗin mita 4, kusan sau ɗaya a kowace shekara.
Mai mita 20, sau ɗaya a shekaru 50 zuwa 100.
Mai mita 50, sau ɗaya a wajajen shekaru 1,000.
Mai mita 140, sau ɗaya a wajajen shekaru 20,000.
Mai kilomita 1, sau ɗaya a wajajen shekaru 500,000.
Mai kilomita 10, sau ɗaya a shekaru miliyan 100 ko fiye.

Abu biyu ne suke tafiya tare a wannan jeri. Na farko, gwargwadon girman dutse gwargwadon ƙarancin irinsa. Na biyu, ɓarna tana hawa da sauri fiye da yadda ido yake zato, domin idan faɗin dutse ya ninka biyu, nauyinsa ninki takwas yake yi. Mai mita 20 zai farfasa gilasan birni. Mai mita 140 zai iya shafe birnin da kewayensa. Mai kilomita 10 kuwa shi ne irin wanda ya faɗa yankin Yucatán na Meziko shekaru miliyan 66 da suka wuce, ya bar rami mai faɗin kilomita 180, aka kuma danganta shi da ƙarewar manyan dabbobin nan da ake kira dainoso.

Tambayar da mai hankali zai yi ita ce: wane ne ya zauna shekaru 500,000 yana ƙirge? Babu. An samo alƙaluman ne daga bakin shaidu huɗu, kuma kowannensu yana da inda ganinsa ya tsaya.

Shaidu huɗu

Shaida na farko ita ce ƙasar da muke takawa. Zuwa yanzu an tabbatar da ramukan faɗuwar dutse kimanin 200 a faɗin duniya. Akwai Vredefort a Afirka ta Kudu, mai shekaru kusan biliyan 2. Akwai tafkin Bosumtwi kusa da Kumasi a Gana, wanda ruwansa ke kwance cikin rami mai faɗin kilomita 10.5 da aka haƙa shekaru sama da miliyan 1 da suka wuce. Akwai Aorounga a arewacin Chadi, da ramin Arizona na Amurka mai faɗin kilomita 1.2 da shekaru kimanin 50,000. Sai dai ƙasa shaida ce mai mantuwa. Ruwan sama da iska da rairayi suna cike ramuka, daji yana rufe su, kuma kashi 71 cikin 100 na doron duniya teku ne. Hatta ramin Yucatán, duk da girmansa, masu neman man fetur ne suka fara ganin alamarsa a 1978, ba a kuma yarda da abin da yake ba sai a 1991. A 2022 aka ba da sanarwar gano wani ramin, Nadir, binne a ƙarƙashin teku daura da gaɓar Gini. Afirka da duk faɗinta, ramuka kimanin 20 kacal aka tabbatar a cikinta, alhali Turai da Amurka ta Arewa da Ostireliya suna da ninkin haka. Duwatsu ba sa zaɓen nahiya. Masu bincike ne suka fi yawa a can.

Haka abin yake ga ƙananan duwatsun da suke isowa ƙasa. A ranar 3 ga Oktoba, 1962, dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami da ke lardin Katsina, 'yan taku kaɗan daga wani manomi da ke gonarsa. Daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito. An san da shi ne saboda akwai mutum a wurin. Da a tsakiyar hamada ko teku ya faɗa, da bai shiga lissafin kowa ba.

Shaida na biyu ita ce duniyar wata. A can babu ruwa, babu iska, don haka ramin da aka haƙa shekaru biliyan 3 da suka wuce yana nan yadda yake. Tsakanin 1969 da 1972 'yan sama-jannatin Apollo sun dawo da kilo 382 na duwatsu da ƙasa, aka auna shekarunsu. Da an san shekarun wani fili, aka kuma ƙirga ramukan da ke kansa, sai a raba, a sami yawan jifar da ake yi masa a kowace shekara miliyan. Daga nan a gyara lissafin don ya dace da duniyarmu, wadda ta fi girma, ta kuma fi ƙarfin janyo abu. Raunin wannan shaida shi ne, matsakaicin biliyoyin shekaru take bayarwa, kuma babu tabbacin jifar tana tafiya daidai wa daida. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2019 ya nuna cewa yawan faɗowar manyan duwatsu ya ninka kusan 2.6 tun wajajen shekaru miliyan 290 da suka wuce. Har yanzu ana muhawara a kansa.

Shaida na uku su ne na'urorin hangen nesa masu sintiri a sama kowane dare. Sun gano duwatsu fiye da 35,000 waɗanda hanyarsu take kusantar ta duniya. Amma ta yaya ake sanin adadin waɗanda ba a gani ba? Dabarar irin ta mai son sanin yawan kifin tafki ce. Ka kama kifi 100, ka yi musu alama, ka sake su. Bayan kwana biyu ka sake jefa koma ka kama 100. Idan 40 daga ciki masu alama ne, to ka yi wa kusan kashi 40 cikin 100 na kifin tafkin alama, ke nan jimillarsu ta kai 250. Haka masana suke duba, cikin duwatsun da na'ura ta hango a shekara, nawa ne tsofaffin sani, nawa ne baƙi. Da wannan hanya da makamantanta aka ƙiyasta cewa masu kilomita 1 zuwa sama ba su kai 1,000 ba, kuma an gano fiye da kashi 90 cikin 100 nasu. Masu mita 140 zuwa sama kuwa sun kai 25,000, ba a ma gano rabinsu ba. Inda dabarar take da rauni shi ne, kifin da ya fi sauƙin kamu shi ne yake ta komowa cikin koma. Dutse mai haske ana ganinsa sau da yawa. Baƙin dutse, ko wanda yake zuwa ta ɓangaren rana, yana iya wucewa ba a sani ba.

Shaida na huɗu ita ce iska. Taurarin ɗan'adam na gwamnatin Amurka suna ganin walƙiyar duwatsun da suke fashewa a sama, kuma hukumar NASA ta fitar da taswirar da ta nuna irin wannan fashewa 556 tsakanin 1994 da 2013. Akwai kuma tashoshin da aka kakkafa a duniya don sauraren gwajin makaman nukiliya, masu jin sauti mai kaurin da kunnen ɗan'adam ba ya ji. Wannan shaida ba ta mantuwa, ba ta kuma barin teku a baya, amma yarinya ce. Shekaru 30 da 'yan kai ba za su gaya maka abin da ke faruwa sau ɗaya a shekaru 1,000 ba.

Inda shaidun suka saɓa

A can sama, wajen manyan duwatsu, duniyar wata da na'urorin hangen nesa sun kusa yin baki ɗaya. A can ƙasa, wajen masu mita ɗaya zuwa biyar, iska tana ba da ƙirge na kai tsaye. Matsalar tana tsakiya, daga mita 20 zuwa wajajen 140. Waɗannan sun yi wa na'urar hangen nesa ƙanƙanta, sun yi wa tarihinmu ƙaranci, kuma da yawansu ba sa barin rami, a sama suke tarwatsewa.

Misali biyu sun isa. A safiyar 30 ga Yuni, 1908, wani abu ya fashe a saman dajin Tunguska na Siberiya, ya kwantar da itatuwa kimanin miliyan 80 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 2,000. Sai a 1927 ayarin bincike na Leonid Kulik ya isa wurin, bai kuma tarar da rami ba. Tun daga lokacin ake jayayya a kan ƙarfin fashewar. An daɗe ana cewa ya kai tan miliyan 10 zuwa 15 na nakiya. A 2007 masanin nan Mark Boslough ya gwada abin a kwamfuta, ya ce tan miliyan 3 zuwa 5 ma sun isa su yi wannan ɓarna. Idan haka ne, dutsen ƙarami ne, irinsa suna da yawa, kuma za su riƙa zuwa a cikin 'yan ɗaruruwan shekaru. A 2019 wasu masanan NASA suka mayar da ƙiyasin sama, suka ce tazarar ta dubban shekaru ce. Daji ɗaya, itatuwa ɗaya, amma amsar ta bambanta da kusan ninki goma.

Na biyu shi ne na Chelyabinsk a Rasha, ranar 15 ga Fabrairu, 2013. Dutse mai faɗin kusan mita 20 ya shigo da gudun kilomita 19 a daƙiƙa, ya fashe a nisan kilomita 30 daga ƙasa, da ƙarfin da ya ninka bam ɗin Hiroshima kusan sau 30. Mutane kimanin 1,500 suka jikkata, gine-gine fiye da 7,000 suka lalace. Babu na'urar da ta hango shi, domin ta ɓangaren rana ya ɓullo. Abin mamaki, a wannan rana idon masana yana kan wani dutsen daban, 2012 DA14, wanda aka san zai gifta kusa da duniya, ya kuma gifta lafiya. Bayan aukuwar, Peter Brown da abokan aikinsa suka sake duba bayanan iska, suka rubuta a mujallar Nature cewa duwatsu masu mita gommai suna iya yawaita har ninki goma fiye da yadda sauran hanyoyin suka nuna.

Saboda haka idan aka ce "sau ɗaya a shekaru 1,000", abin da ake nufi a gaskiya shi ne wani wuri tsakanin 'yan ɗaruruwa da 'yan dubbai. Wannan ba abin kunya ba ne ga masana, su da kansu suke rubuta tazarar a cikin muƙalunsu. Mu 'yan jarida ne muke yanke ta, mu bar lamba ɗaya tilo a kanun labari, saboda ta fi daɗin karantawa.

Babu uwar adashi

Ko da lambar daidai take, akwai kuskure na biyu, wanda ya fi yaɗuwa. Mutum zai ji "sau ɗaya a shekaru 100" ya ɗauka adashi ne: ana zubi shekara bayan shekara, ranar ɗauka tana matsowa, wanda ya kwasa jiya kuma ya huta sai zagaye na gaba. Daga nan ake samun kanun labarai masu cewa lokacin faɗowar babban dutse ya yi, har ma ya gota.

Duwatsun sama ba su san juna ba, ba su kuma san abin da ya faru bara ba. Ma'anar "sau ɗaya a shekaru 100" ita ce, kowace shekara akwai yiwuwar 1 cikin 100, ko an yi jiya ko ba a yi ba tun zamanin kakanni. Idan aka bi lissafin, a cikin kowane ƙarni akwai yiwuwar kashi 37 cikin 100 cewa ba za a ga ko ɗaya ba, da yiwuwar kashi 26 cewa za a ga biyu ko fiye. Shekaru ƙasa da shida bayan Chelyabinsk, ranar 18 ga Disamba, 2018, wani dutsen ya fashe a saman tekun Bering da ƙarfin da aka fara ƙiyastawa a tan 173,000 na nakiya. Da yake babu gari a ƙarƙashinsa, sai bayan watanni uku labarin ya fito fili.

Ya fi kyau a juya lambar zuwa ma'aunin rayuwar ɗan'adam. Dutse mai mita 140, sau ɗaya a shekaru 20,000, yana nufin yiwuwar 1 cikin 200 a kowane ƙarni. Mai kilomita 1 kuma 1 cikin 5,000. Wannan bai kai a rasa barci ba, bai kuma yi ƙanƙantar da za a share ba, idan aka tuna abin da ke cikin ɗaya hannun ma'aunin. Masu gina madatsun ruwa da gadoji da irin wannan lissafi suke aiki idan suka ce ambaliyar shekaru 100, kuma jama'a irin wannan gurguwar fahimta suke yi masa.

To me ya sa lambar 2024 YR4 ta hau sannan ta faɗi? A ce an gaya maka wata babbar mota za ta kwace a wani wuri cikin hanya mai tsawon kilomita 100, unguwarku kuma ta cinye kilomita 1 na hanyar. Haɗarinku 1 cikin 100 ne. Da aka ƙara samun bayani, aka ce cikin kilomita 33 ne abin zai faru, kuma unguwarku tana ciki, haɗarin ya zama 3 cikin 100. Da aka sake tsuke wurin, unguwarku ta fita daga ciki, sai ya koma sifili. Motar ba ta sauya hanya ba, sanin da aka yi mata ne ya ƙaru. Hawa da saukar lambar alama ce ta cewa ma'aunin yana aiki.

Jerin suna ya fi ƙiyasi

Daga nan ne ra'ayina ya fito. Ƙiyasin matsakaici abu ne da ake riƙewa kafin a sami wanda ya fi shi, kuma wanda ya fi shi shi ne jerin sunaye. Ranar da aka gano dutse aka auna hanyarsa, ya fita daga caca, ya shiga kalanda: ko dai zai same mu a rana kaza, ko ba zai same mu ba a wannan ƙarni. Abin da ya faru da masu kilomita 1 ke nan. A 1998 majalisar dokokin Amurka ta ɗora wa NASA gano kashi 90 cikin 100 nasu, aka cim ma burin, kuma babu ko ɗaya cikin waɗanda aka gano da ke kan hanyar duniya a shekaru 100 masu zuwa. An rage mafi girman haɗarin ba tare da an taɓa ko dutse ɗaya ba. A 2005 majalisar ta sake sa irin wannan buri ga masu mita 140, wa'adin 2020 ya wuce ba a cika shi ba. Shi ya sa ake jiran na'urar NEO Surveyor, wadda za ta riƙa neman duwatsu daga sararin samaniya ta hanyar zafin jikinsu, ake kuma sa rai da sabuwar cibiyar Vera Rubin da ke Chile.

Sani kuma yana da amfani, domin yanzu akwai abin yi. A ranar 26 ga Satumba, 2022, kumbon DART ya tunkuyi dutsen Dimorphos mai faɗin mita 160 da gangan, ya rage lokacin kewayensa da kimanin minti 32. Tunkuɗa kaɗan ta isa, in dai an yi ta da saura shekaru. Rigakafi ya fi magani, amma ba a yi wa abin da ba a gani ba rigakafi.

Wani zai ce, mu da ke fama da tsadar abinci da rashin tsaro, me ya haɗa mu da dutsen sama? Gaskiya ne ba shi ne a sahun gaba ba, kuma ba na kiran a ɗebi kuɗin asibiti a sayi kumbo. Abin da ya rage mana ba shi da tsada. Dutse na farko a tarihi da aka hango kafin ya faɗo, 2008 TC3, a saman hamadar arewacin Sudan ya fashe ranar 7 ga Oktoba, 2008, bayan gargaɗin sa'o'i kimanin 19, kuma ɗaliban Jami'ar Khartoum ne suka jera a cikin rairayi suka tsinto gutsattsarinsa. Zuwa ƙarshen 2024 an yi irin wannan hange sau 11. Tun 2014 akwai tsarin gargaɗi na ƙasa da ƙasa da aka kafa bisa shawarar Majalisar Ɗinkin Duniya. Idan gargaɗin sa'o'i 19 ya zo yana nuni da wani yanki namu, wane ofishi ne zai karɓa, da wane harshe za a isar da shi, wa jama'a za su gaskata? Hukumomin sararin samaniya da na agajin gaggawa za su iya amsa wannan a kan takarda ɗaya. Akwai ma darasin da ba ya bukatar ko sisi: galibin waɗanda suka jikkata a Chelyabinsk gilashi ne ya yanke su, domin sun ruga taga kallon hasken, ƙarar kuma ta iso bayan minti ɗaya zuwa uku. Wanda ya ga haske irin wannan, ya nisanci taga.

Mai karatu kuma, duk ranar da irin wannan labari ya sake shigowa wayarsa, ya yi tambaya uku kafin ya tura wa kowa. Mita nawa ne dutsen? Yiwuwar nawa ce, kuma zuwa wace shekara? Lambar ƙiyasin matsakaici ce, ko ta wani dutse ce da aka sani da suna?

Za a sami damar gwada wannan nan ba da jimawa ba. A Disambar 2004 an ba dutsen Apophis, mai faɗin kusan mita 340, yiwuwar kashi 2.7 cikin 100 na faɗowa a 2029. Aka ci gaba da auna shi har aka tabbatar ba zai taɓa mu ba, a wannan karon ko a cikin shekaru 100 masu zuwa. Ranar Juma'a, 13 ga Afrilu, 2029, zai gifta a nisan kilomita 32,000 daga doron ƙasa, kusa fiye da taurarin ɗan'adam da ke kawo mana talabijin, kuma mutanen Afirka suna cikin waɗanda za su iya ganinsa da ido ƙuru-ƙuru. Saƙonnin tsoro za su riga shi isowa. Wanda ya san yadda aka yi lissafin zai fita tsakar gida bayan faɗuwar rana, ya ɗaga kai ya yi kallo.